Tsakanin zane da ƙasa: tambayoyi da amsoshi kan bin diddigin aikin haƙa da ciko a Kano

Sana'ata awon ƙasa, abin da mutanen gari suke kira safiyo. Yawancin masu zuwa wurina ba manyan kamfanoni ba ne. Kwamitin masallaci ne da ke son cike fili, ko mai makarantar da ya sayi wuri a bayan gari, ko ƙaramin ɗan kwangilar da aka ba guntun titi a unguwa, ko dattijon da ya biya kuɗin tifa 200 amma yana ganin raminsa na nan kamar jiya. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Malam, me ake nufi da kwatanta awo da zane?

Kowane aikin ƙasa yana da fuska uku. Ta farko ita ce yadda aka sami wurin ranar da aka damƙa shi ga ɗan kwangila, da tudunsa da kwarinsa. Ta biyu ita ce wadda injiniya ya zana, wato inda ake so ƙasa ta tsaya idan an gama: nan a sare mita ɗaya, can a ƙara rabin mita, ruwa ya gangara zuwa magudana. Ta uku kuwa ita ce yadda wurin yake a yau, bayan katafila da gireda sun yi nasu.

Tazarar da ke tsakanin ta farko da ta biyu ita ce aikin gaba ɗaya. Tsakanin ta farko da ta uku, abin da aka yi ke nan. Tsakanin ta uku da ta biyu, abin da ya saura. Duk na'urorin da kake gani muna sabawa a kafaɗa, wannan lissafin suke yi wa hidima. Ana bayyana amsar da kubik, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne.

Mu dai tifa muke ƙirgawa. Ai sawu ba ya ƙarya?

Sawu ba ya ƙarya, amma ba abin da kake bukatar sani yake faɗa maka ba. Yana gaya maka mota nawa ta shigo ƙofa. Ba ya gaya maka ƙasa nawa ta zauna a wurin.

Ƙasa tana sauya jiki sau biyu kafin ta zama ciko. A ramin da ake ɗibarta a dunƙule take. Da an haƙo ta sai ta saki, iska ta shiga tsakaninta, ta kumbura. Ƙasa irin wadda muke ciko da ita takan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a wannan hali. A haka ake loda ta. Idan aka juye, aka baje, aka yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai, sai ta koma ta matse, wani lokaci fiye da yadda take a raminta na asali. Saboda haka tifar da aka ce tana ɗaukar kubik 10 ba za ta ba ka kubik 10 na ciko dannanne ba, ko da direban waliyyi ne. Bakwai da wani abu za ka gani, ko takwas.

Ƙara da cewa tifofi ba girmansu ɗaya ba. Mai taya shida daban, mai taya goma daban, kuma ko a cikin masu taya goman akwai wadda aka ƙara wa bodi. Lodin safe, lokacin da mai feloda yake da nishaɗi, ya kan yi tozo. Na yamma ya kan zo a shafe. Yaron da ke rubuta tikiti a bakin ƙofa ɗan Adam ne, zai tafi salla, zai tafi cin abinci. Ba na cewa duk inda lissafi ya saɓa an yi ha'inci. Sau da yawa babu wanda ya cuci wani, ma'aunin ne bai dace da abin da ake aunawa ba. Ƙirga sawu yana da amfani tsakanin ɗan kwangila da masu tifa. Tsakanin mai aiki da ɗan kwangila kuwa, abin da ya zauna a ƙasa ya kamata a biya.

To yaushe ya kamata a fara awon?

Kafin ƙarfe ya taɓa ƙasa. Idan da za ka manta duk abin da ke shafin nan ka riƙe abu ɗaya, to wannan nake roƙon ka riƙe.

Zane yana nan a takarda, ko an ɓatar za a sake bugawa. Yadda wurin yake a yau, kullum ana iya zuwa a auna. Amma fuskar farko, da katafila ta wuce sau ɗaya ta tafi ke nan har abada. Mutane suna kirana bayan wata biyu da fara aiki, rigima ta riga ta kaure, ɗan kwangila na cewa zurfin kwarin da ya cike mita biyu ne, mai wuri na cewa bai kai ƙugunsa ba, su ce in zo in raba gardama. Ni kuwa ba ni da abin da zan kwatanta da shi. Sai dai a shiga tono ramuka ana neman inda sabuwar ƙasa ta haɗu da tsohuwa, wanda kuma kintace ne mai tsada.

Ka duba girman abin: kuskuren santimita 10 kacal, wanda bai kai tsawon tafin hannu ba, idan ya mamaye hekta ɗaya, kubik 1,000 ne. Ido ba ya ganin santimita 10 a fili mai faɗi. Aljihu yana ji.

Awon farko ana yin sa ne a gaban ɓangarorin biyu, kowa ya sa hannu a takardar, kowa ya tafi da kwafi. Idan za a kankare saman ƙasa mai ciyawa da saiwa, wanda ba a ciko a kansa, a sake awo bayan an kankare, domin daga nan ciko yake farawa.

Yaya ake fitar da adadin daga awon?

Ya danganta da siffar aikin. Idan titi ne ko magudana, abu mai tsawo, ana yanka shi a lissafi kamar yadda ake yanka rake, kowane mita 20 ko 25. A kowace gaɓa a auna tsayin ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗora a kan zane, a fitar da faɗin gurbin da aka cike ko aka sare. Sai a haɗa gaɓa biyu maƙwabta, a raba biyu, a ninka da tazararsu. Misali, wannan gaɓa ta ba da murabba'in mita 12, ta gaba ta ba da 18, tsakaninsu mita 25. Tsakaitawarsu 15, sau 25, kubik 375 ke nan. Haka za a bi har ƙarshen titi. Inda ƙasa ta sauya farat ɗaya, kamar bakin kwalbati ko gaɓar kwari, dole a ƙara gaɓa a wurin, in ba haka ba lissafin zai tsallake ramin kamar babu shi.

Idan fili ne, kamar na kasuwa ko tasha ko makaranta, ana raba shi gida-gida kamar dara, a ce mita 10 a kan mita 10, a auna tsayin kowace kusurwa. Yanzu kwamfuta ce ke haɗa wuraren da aka auna ta gina fuskar ƙasar, ta ɗora ta a kan ta zane, ta fitar da taswira mai launi: ja inda ƙasa ta yi yawa, shuɗi inda ta gaza. Manyan ofisoshi suna amfani da manhajar Civil 3D, akwai QGIS da ba a biya, kuma ƙaramin fili ko Excel ya ishe shi. Wannan taswira mai launi ita na fi so in miƙa wa direban gireda, domin ba sai an yi masa dogon bayani ba.

An ce mana an kai kashi 65. Me hakan ke nufi?

Idan zane ya nuna ana bukatar ciko kubik 8,000, awon yau ya nuna 5,200 sun zauna inda ya dace, kashi 65 ke nan. Ka lura da maganar "inda ya dace". Ƙasar da aka tara tsibi a gefe ba a baje ba, ba ta cikin lissafi. Wadda ta zarce iyakar zane ba ta ciki. Ramin da aka haƙa ya wuce zurfin da aka ce shi ma ba ci gaba ba ne, ƙarin aiki ne, tunda sai an mayar an danne.

Kuma kashi 90 na ƙasa ba kashi 90 na lokaci ba ne. Zuba ƙasa da yawa yana sauri. Gyaran ƙarshe, inda ake neman santimita ɗaya ko biyu, shi ke cin kwanaki. A titi ana so tsakiya ta ɗan fi gefe tudu, galibi santimita biyu da rabi a kowace mita, don ruwa ya zurare. Idan aka rasa wannan, kwalta mai kyau ma ba za ta hana ruwan Agusta kwanciya a kai ba.

Wayata tana da GPS. Ba za ta yi ba?

A'a. Waya takan kauce da mitoci, kuma a wajen tsayi ta fi kaucewa. Aikin ƙasa da santimita ake yin sa. Akwai na'urar lebur mai ƙafa uku da sandarta, wadda ita ce tsohuwar amintacciya a wajen tsayi. Akwai babbar na'urar da ke auna nisa da kusurwa a lokaci guda. Akwai kuma GPS na masu awo, mai kai biyu, ɗaya a kafe ɗaya ana yawo da shi, wanda ke kawo wuri cikin santimita biyu zuwa uku idan sama a buɗe take. A lungunan cikin birni, tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin darbejiya, shi ma yakan rikice, sai a koma wa mai ƙafa uku.

Jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi fa?

Yana da amfani sosai a babban wuri. Yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da fuskar ƙasa, aikin da zai ci mutum uku kwanaki a ƙafa. Amma sai an shimfiɗa alamomi a ƙasa an auna su da na'urar gaske, in ba haka ba hoton zai yi kyau, tsayin ya zama shirme. Kuma abin da ya gani daga sama shi yake ɗauka a matsayin ƙasa: ciyawar damina, tankar ruwan da aka ajiye, tsibin tsakuwa, duk sai an cire su da hannu. Ba ya ganin ƙarƙashin ruwa. Hazon hunturu ma yana dushe masa hoto.

Ga kuma batun doka, wanda a Kano ba abin wasa ba ne. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga barikoki. Tashin irin wannan jirgi don aiki yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka tambayi wanda zai tashe shi takardunsa kafin ka biya.

Safiyo biyu sun auna wuri ɗaya, amsarsu ta sha bamban. Wa ya yi kuskure?

Kafin a zargi kowa, a tambaye su daga ina kowa ya ɗauko tushen awonsa. Duk tsayin da ake faɗa, daga wata alama tabbatacciya ake ƙirga shi, ƙusa a cikin siminti ko ƙarfe da aka dasa. Idan wannan ya tashi daga alama ɗaya, wancan daga wata, ba za su taɓa haɗuwa ba. Haka kuma tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, GPS kuwa da na duniya, WGS84, yake aiki, kuma wuri ɗaya a ma'aunan biyu yana bambanta da gomman mitoci. Kano tana cikin shiyya ta 32 a tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya don aikin taswira. Ya kamata zane ya rubuta ma'aunin da aka yi shi a kai, kowa ya bi shi.

Na taɓa faɗawa cikin wannan da kaina. A wani aikin fili, gireda ta tuge turken da muke ɗaukar tsayi daga kansa. Wani lebura, da kyakkyawar niyya, ya mayar da shi ya daddaɓe, bai gaya wa kowa ba. Na yi awon mako biyu a kansa, lissafi yana nuna ɗan kwangila ya yi ƙasa da abin da ya yi, har an fara kallon bawan Allah da wani ido. Laifina ne, domin ban gwada turken da wata alama ba kafin in fara. Na je na ba shi haƙuri a gaban mai aikin. Tun daga ranar ba na yarda da alama ɗaya. Uku nake dasawa, a siminti, nesa da hanyar motoci, kuma kowace safiya sai na gwada su da juna.

Filinmu tsohon kududdufi ne. Lissafin ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi shafar Kano. Garin nan da ƙasarsa aka gina shi. Ganuwa da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, da gidajen ƙasa na cikin birni, daga ramuka aka ɗebo su, ramukan suka zama kududdufai masu karɓar ruwan unguwa. Da yawansu an cike su, wasu da ƙasa, wasu da shara shekara da shekaru.

Matsala ta farko, ba ka san gindinsa ba. Ruwa ya rufe, ƙarƙashin ruwa laka, ƙarƙashin laka wataƙila leda da toka da buraguzai. Awon farko a nan sai an shiga da sanda ana zurawa, a rubuta zurfi biyu a kowane wuri: inda sanda ta taɓa laka da inda ta tsaya a ƙasa mai tauri. Bambancinsu yana iya fin tsayin mutum.

Ta biyu, laka tana haɗiye ciko. Ka zuba ƙasa yau ka auna, bayan mako biyu ka tarar ta sauka. A nan awon sama kaɗai yana cutar ɗan kwangila, domin ya kawo ƙasar da gaske, ƙarƙashi ta nutse. Hanyar adalci ita ce a kwashe lakar a auna gindi kafin ciko, ko a shimfiɗa faranti na ƙarfe mai sanda a tsaye a kan tsohuwar fuskar, a riƙa auna kan sandar. Gwargwadon saukar farantin, gwargwadon nutsewar da za a ƙara a lissafi. Farantin nan yana da wani amfanin da ya fi na kuɗi: muddin yana ci gaba da sauka, lokacin aza harsashi bai yi ba.

Ta uku kuwa ba ta lissafi ba ce, amma ba zan iya yin shiru a kanta ba. Ruwan da kududdufin yake sha yana nan zuwa kowace damina. Idan ka cike ba tare da zane ya nuna masa hanya ba, ɗakunan maƙwabta zai shiga. Ka nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka sa injiniya ya zana magudana, kuma awon ya zarce iyakar filinka ya nuna tsayin ƙofofin maƙwabta da kwatar layi.

Idan aka tarar da dutse a tsakiyar haƙa?

A dakata a kira mai awo. Ƙarƙashin Kano akwai dutse, wani wuri a nesa wani wuri a kusa, ga kuma marmara mai tauri. Kuɗin fasa dutse ya fi na haƙa ƙasa nesa ba kusa ba. A yaye ƙasar da ke kansa, a auna samansa a gaban kowa, sannan a fasa. In an riga an fasa an kwashe, an koma gidan jiya.

Awo ya nuna tsayi ya kai yadda zane ya ce. An gama ke nan?

Da saura. Awo yana ganin fata ne, ba ya ganin ciki. Mutum zai iya juye ƙasa mai kaurin mita ɗaya a tashi guda, rola ta lallaɓa sama, tsayi ya fito daidai, damina ɗaya ta tona asiri. Ciko na ƙwarai hawa-hawa ake yin sa, kowane hawa kamar santimita 15 zuwa 20, da ruwa daidai gwargwado, a danne, a gwada, sannan a ɗora na gaba. Gwajin da aka fi yi shi ne na yashi: a haƙa ɗan rami, a auna nauyin ƙasar da aka fitar, a cika ramin da yashin da aka san nauyinsa don a gane girmansa, a kwatanta da iyakar matsewar da ƙasar ta yi a ɗakin gwaji. Yawancin sharuɗɗan aiki suna neman kashi 95 ko sama. Takardar biya ya kamata ta zo da abu biyu a manne, awon tsayi da sakamakon gwaji.

Sau nawa za a riƙa awon?

Kafin kowane biya, wannan dole ne. Bayan haka, kafin a rufe duk abin da ba za a sake gani ba: gindin rami, saman dutse, kowane hawa na ciko a titi. Aiki mai sauri yana son awon mako-mako.

Ina kuma ba da shawarar a yi cikakken awo a watan Mayu kafin ruwa ya kankama, a sake wani a Oktoba bayan ya ɗauke, don a san abin da ruwa ya kwashe da abin da ya sauka, kada a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. A bazara kuma da sassafe ake awon lebur, domin da rana ta take, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa lambobin sanda su riƙa rawa a madubi.

Wa ya kamata ya yi awon, mutuminmu ko na ɗan kwangila?

Su biyun tare, rana ɗaya, daga alama ɗaya. Idan kuɗi bai kai a ɗauki biyu ba, a yarda da mutum ɗaya tun farko, a rubuta sunansa a yarjejeniya. Ka tabbatar yana da rajista da SURCON, majalisar da ke yi wa masu awon ƙasa rajista a Najeriya, kamar yadda injiniya yake da ta COREN. Kuma ka karɓi ainihin lambobin da aka auna, ba jimla kaɗai ba, domin da su wani zai iya sake lissafin ko bayan shekara.

Nawa fili ƙarami ne, ƙafa 100 a kan 100. Duk wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, sai dai ba ka bukatar jirgi ko kwamfuta. Filinka kusan mita 30 ne a kan 30, murabba'in mita 930 ko kusa da haka. Idan za ka ɗaga shi da rabin mita, kana bukatar kubik 465 dannanne, wanda kafin a danne zai kai wajen 600. Da wannan kaɗai ka san tifa nawa za ka yi ciniki a kai.

Ka sa a zana layi da fenti a jikin katanga ko ginin maƙwabci, da izininsa, a tsayi ɗaya ko'ina. Magini zai iya fitar maka da shi da siririn tiyo mai ruwa a ciki. Ka kafa turaku kowace mita 10, ka ja igiya daga layin, ka auna daga igiya zuwa ƙasa a kowane turke, ka rubuta a littafi da kwanan wata, mai kawo ƙasa ya sa hannu kusa da naka. Ka ɗauki hoto da fentin a ciki. Bayan an baje an danne, ku koma wuraren nan ku sake aunawa daga igiyar.